Kofin Waɗanda Ke Nesa

'Yarmu Eka ce ta shirya tafiyar, ba ni ba, ba kuma mijina Murman ba. Ita ta kama mana ɗaki na kwana huɗu a gidan baƙi na wani ƙauye da ke ƙasa da garin Telavi, a Kakheti, yankin inabi na gabashin ƙasarmu, ta rubuta mana a takarda gonakin inabin da za mu je ɗanɗanon giya da gidajen abincin da za mu zauna, har da ƙarfe nawa. Da ta miƙa wa ubanta takardar sai ta riƙe masa hannu.

"Baba, ku biyu na ce. Kai da Mama. Ba kai da Mama da rabin mutanen Kakheti ba."

"Ni wa na sani a Kakheti?" in ji Murman, har da dafe ƙirji.

Shekara talatin da shida da aurenmu, na san mutumin da ko kabari aka saka shi sai ya gano cewa maƙwabcinsa sun yi soja tare.

Cikin shekarun nan, goma sha uku a Atina ta ƙasar Girka na yi su, ina jinyar wata tsohuwa, Kiriya Fotini. In juya ta a gado, in yi mata wanka, in ba ta abinci a baki. Rabin matan layinmu a Kutaisi haka suka yi, wasu Girka, wasu Italiya. Na tafi ne don yara su gama karatu, sun gama. Don a gyara rufin gida, an gyara. Sau biyu kawai na zo gida, ɗaya jana'izar mahaifiyata, ɗaya bikin Eka, kuma duka biyun gidan cike yake da jama'a, ni da mijina ba mu samu ko rabin sa'a mu kaɗai ba. Wannan karon ɗan Fotini ya ba ni mako uku. Ya ce idan ban koma ranar Litinin ba zai ɗauki wata, ba faɗa ba rigima. Tikitin yana cikin jakata.

Na riga na yanke shawara a raina, ban gaya wa kowa ba. Idan Murman ya buɗe baki ya ce mini "zauna", ko sau ɗaya ne, ko da bango yake kallo, zan yaga tikitin. Idan bai ce ba, zan koma. Roƙonsa kam ba zan yi ba. Na shekara goma sha uku ana kirana da ƙararrawar gefen gado, ina so sau ɗaya a kira ni da baki. Mako biyu da rabi suka shige a gida cikin gaishe-gaishen dangi, bai ce ba. Sai na ɗora begena a kan kwana huɗun nan.

Ranar Laraba muka kama hanya a tsohuwar motarsa. Tun daga Kutaisi har muka haye dutsen Gombori, abin da ya faɗa mini bai wuce uku ba: birki yana ƙara, an lalata hanyar nan, ko ina jin sanyi ya rufe gilashi. Wannan shi ne Murman ɗin da a Kutaisi ba a ɗaura aure mai suna, ba a binne babban mutum, sai an neme shi ya zama tamada. Shi ke shugabantar teburi, shi ke tashi da kofi ya faɗi don wa za a sha, kuma ba mai kai giya baki sai ya gama magana. Mutumin da yake sa ƙarti kuka da harshe, ya zauna kusa da ni sa'a shida yana sauraren birki.

Ranar Alhamis muka bi takardar Eka kamar 'yan makaranta. Ƙarfe sha ɗaya muna wata babbar gonar inabi, an jera mana tambulan huɗu-huɗu, wata mata mai farar riga tana koya mana yadda za mu juya giyar mu shinshina, wai za mu ji ƙamshin busasshen ɓaure da na ganyen shayi. Ni na shinshina na ji ƙamshin giya. Murman ya kurɓa, ya ɗan riƙe a baki, ya ce mata da lafazin da muke girmama mace, "Kalbatono, wannan an bar ta da ɓawonta wata shida, kuma randar ba sabuwa ba ce." Matar ta zaro ido, ta je ta kira mai gonar. Daga nan ban sake ganin fuskar mijina ba sai bayan sa'a biyu. Ƙeyarsa kawai nake hangowa a bakin ɗakin giya, shi da mai gonar sun durƙusa suna leƙa randunan da aka binne a ƙasa suna musu. Na zauna da tambulan takwas, nawa da nasa, da wasu Jamusawa biyu da suka tsufa suna riƙe da hannun juna a kan teburi ko kunya babu.

Da yamma muka je gidan abincin da ke cikin takarda. Eka ta sa an ajiye mana ɗan teburi na mutum biyu a bakin taga, har da kyandir. Aka kawo tsiren naman alade da aka gasa da busassun rassan inabi, da dogon burodi mai zafi daga tanderu, da cuku mai gishiri, da butar giya mai ruwan zuma. Murman ya zuba mini, ya zuba wa kansa, ya ɗaga kofi, sai ya tsaya. Na ga abin da ya dame shi. Namijinmu ba ya shan giya haka kawai sai da magana, magana kuma tana son teburi, shi kuwa ba kowa a gabansa sai ni.

"To, don zaman lafiya," ya ce, kamar mai karanta sanarwa a bangon asibiti.

Muka sha. Muka ci. Cokula suna ta ƙara a kan faranti.

"Gishirin ya ji?"

"Ya ji."

"A can suna gasa nama haka?"

"Sun fi cin rago."

"Rago," ya maimaita, yana gyaɗa kai, kamar na ba shi wani babban labari. Ya zaɓo tsokar da ta fi kyau ya sa mini a faranti. Tun da na dawo haka yake yi mini. Ya buɗe mini ƙofa, ya ba ni kujera mai laushi, ya tambaye ni ko na ƙoshi. Duk abin da ake yi wa baƙuwa yana yi mini, ba ya rage ko ɗaya, ni kuwa abin yana ci mini rai.

A teburin kusa da mu wasu maza bakwai ne suke murnar haihuwa. Idonsa yana can, ina gani. Ba a daɗe ba sai ga mai kawo abinci da kwalba, wai daga waɗancan ne, suna gaida baƙi. Kowa ya san ba a karɓar kwalba a yi shiru. Murman ya aika musu da biyu. Suka aiko da uku. Kafin kyandir ɗin Eka ya ci rabi an haɗa teburinmu da nasu, mijina yana tsaye hannu a sama, muryarsa ta dawo, fuskarsa ta dawo, yana yi wa jaririn da bai taɓa gani ba fatan da ya sa uban yaron ya rungume shi. Ni kuma aka ba ni kujera a ƙarshe, kusa da ƙofar bayan gida, ana ta ce mini in ci in ci.

Ranar Juma'a muka je Sighnaghi. Muka hau ganuwar gari, kwarin Alazani ya shimfiɗu a ƙasanmu, gonakin inabi har inda ido ya tsaya, duwatsu masu farin kai a can ƙarshe. Ba kowa a wurin sai mu. Na ce a raina, to ga wuri, ga lokaci, ga iska mai daɗi, in ba a nan ba sai ina? Ya jingina da dutse ya daɗe yana kallo. Ya yi gyaran murya.

"Ke, matar nan."

"Na'am."

"Kin ga wancan layin bishiyoyin? Daga can Azarbaijan ce."

Na ce na gani. Muka sauko. A gonar da muka je da rana na sha giya baƙa mai kauri har kofi uku, don haushi, ba don daɗi ba. Mai gonar ya ce da gani na san giya. Na ce masa a'a, miji na sani.

Mai gidan da muka sauka sunansa Guram, dattijo mai jan hanci, matarsa Lamara. Ranar Asabar suke gama tsinkar inabi, kuma ranar gama tsinka ba gidan da ba ya shimfiɗa teburi. Wani daga cikin masu murnar haihuwar nan ya riga ya kai wa Guram labarin wanda yake kwana a ɗakinsa na sama. Muna karyawa da safe sai ga shi da hula a hannu, yana kiran mijina Batono, yadda muke girmama namiji.

"Batono Murman, ashe zaki ne a gidana nake ba shi shayi? Tamadanmu ya tsufa, daga kofi na biyar yake fara maimaita kansa. Ka rufa mini asiri yau."

"Haba, Batono Guram, ni mutumin yamma, in zo Kakheti in koya muku shan giya? Sai ku jefe ni."

"Za mu jefe ka in ka ƙi."

Ya ƙi sau biyu kamar yadda ake yi. A na uku ya juyo ya dube ni. A takardar Eka, ranar Asabar an rubuta cin abincin rana a bakin tafki, mu biyu. Ita ce ranarmu ta ƙarshe. Na dubi idonsa na ga yadda yake so, sai na ce, "Kai, mutumin nan, karɓa mana, kada ka sa dattijo tsayuwa." Har yau ban sani ba ko kirki na yi ko zuciya.

Ƙarfe biyu na rana aka zauna a ƙarƙashin rumfar inabi, mutum wajen talatin, hannun kowa baƙi da ruwan inabi. Guram ya fasa yumɓun da ke bakin randar bara, ya ɗebo da ƙwarya mai dogon hannu, aka cika butoci. Murman ya tashi. Ya fara da Ubangiji, sannan zaman lafiya, sannan ƙasa, sannan gonar da ta ciyar da mu da hannayen da suka tsinke ta. Kowane kofi da lokacinsa, ba ya gaggawa, ba ya ja. Da ya zo kan matattu ya sa kowa ya ɗiga giya a kan burodi, ya kira sunan mahaifin Guram wanda ya ji sau ɗaya tak da safe, har da sunan alfadarinsa. Aka yi dariya da hawaye a ido. Ba zan ɓoye ba, mijina yana da kyau in yana tsaye a kan teburi. A irin wannan wurin na fara ganinsa ina da shekara ashirin da ɗaya, kuma a ranar ban ci komai ba don kallo.

Sai dai ni yanzu ban iya zama ana yi mini hidima ba. Jikina ya manta. Na hango Lamara tana kai da kawowa ita kaɗai, gumi ya jiƙe mata wuya, sai na tashi na bi ta kicin.

"Kalbatono Tsiuri, koma ki zauna, ke baƙuwa ce!"

"Baƙuncin ya ishe ni. Ba ni wuƙa."

Ta ba ni. Muna yanka tumatir ta ce ƙanwarta tana birnin Bari na Italiya shekara tara, ta san irin hannun nan, hannun da ruwan wanki ya cinye.

"Za ki koma?"

"Jibi ne jirgin."

"Ba jirgi na tambaye ki ba."

"Ban sani ba, Lamara."

"Shi me ya ce?"

"Ya nuna mini Azarbaijan."

Ta yi dariya har ta dafa tukunya, sannan ta dube ni ta daina. Ta kwashe dafaffen naman sa a babban akushi ta ɗora mini a hannu, ta ce in kai wa maza tun da zafinsa.

Na fito ta bayan rumfa, ta bayan Murman. An kawo masa ƙahon shan giya, wanda ake fitowa da shi don manyan kofuna, wanda ba ya ajiyuwa sai an shanye. Teburin ya yi tsit. Na ga ya dubi kujerata da ke gefensa, ba kowa a kai, sai ya lumshe ido. Na tsaya da akushin don ba a gilmawa tamada yana magana.

"'Yan'uwa, wannan kofin na waɗanda ke nesa ne. Babu gida a ƙasar nan da ba shi da kujerar da ba kowa a kanta. Ni tawa kujerar sunanta Tsiuri. Shekara goma sha uku tana ƙasar Girka tana wanke uwar wani don 'ya'yana su zama mutane. Kullum da safe nakan dafa gahawa ta mutum biyu, in sha tawa, in zauna ina kallon tata har ta huce. Kurangar inabin da ta dasa a bakin ƙofa ba na barin kowa ya taɓa. Ni nake rage mata rassa, ina yi ina ba ta labarin unguwa, wa ya mutu, wa ya yi aure, wa ya sayi mota bai iya tuƙi ba. Rigarta ta sanyi tana nan rataye a bayan ƙofa, in zan fita nakan ce mata sai na dawo. Ya Ubangiji, ka dawo mini da ita. Ka kawo ta bakin ƙofata sau ɗaya kawai. In ka ga na sake barinta ta wuce ƙofar nan, ka ɗauke mini harshen nan, ba ni da amfani da shi."

Rigar tana nan, gaskiya ne. Na gan ta ranar da na dawo, na ɗauka ƙyuya ce ta hana shi cirewa, har na yi masa tsaki. Akushin yana ƙona mini hannu, ban ji ba sai daga baya. Duk abin da na ƙetaro teku in ji, ga shi an faɗa, kalma bayan kalma, ya ma fi yadda na yi fata. Amma maganar a sumul take fita, ba tuntuɓe ko ɗaya, ya san inda zai sauke murya da inda zai ja numfashi. Ba yau ya fara faɗinta ba.

Wani mai ƙiba, surukin Guram, wanda ya iso a makare bai san kowa ba, yana share hawaye da bayan hannu. Ya waiwayo ya gan ni.

"'Yar'uwa, ajiye nan, ki ƙaro mana burodi. Kin ji namiji? Allah ya sa matar nan ta san abin da take da shi."

Lamara ce ta yi magana daga bakin kicin. "Batono Murman, ɗan waiwaya mana."

Ya waiwaya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda aka kama yana magana shi kaɗai a hanya. Sai Guram ya buga teburi.

"Na rantse da 'ya'yana, ban taɓa ganin addu'ar da aka amsa da sauri haka ba! Har da nama a hannu!"

Rumfar ta ɗauki dariya. Mai ƙiba ya tashi yana ba ni haƙuri yana sumbatar hannuna, wasu suna tafi, wasu suna ɗaga kofi suna ihun "Gaumarjos!" Murman kuwa tamada ne, ba ya faɗuwa a gaban jama'a. Ya ɗaga ƙahon ya ce, "Kun gani? A Kakheti ko Ubangiji ba ya jan aiki." Ya shanye, ya kife ƙahon, ko ɗigo bai zuba ba. Aka zaunar da ni, aka ce sai na ce wani abu. Na ce Allah ya mai da kowa gidansa, na sha. A Atina na yi Kirsimeti goma sha uku a ɗan ɗaki kusa da injin wanki, amma ban taɓa jin kaɗaici irin wanda na ji a tsakiyar mutum talatin masu tafa mini ba.

Da maza suka fara waƙa sai na zame na shiga gona. Rana ba ta faɗi ba tukuna. An tsinke komai, layukan sun zama ganye kawai, sai zanzaro suna bin 'ya'yan da suka faɗi ƙasa. Na ji takunsa a bayana.

"Tamada ya bar teburi? Za a ba da labarinka har Kutaisi."

"Na ba Guram riƙo." Ya tsaya nesa da ni kaɗan. "Baki ne ya saba, matar nan. Na duba na ga kujerar ba kowa, sai kawai ya fito."

"Sau nawa ka faɗe shi?"

"Kowane teburi."

"Kowane teburi. Wato duk Kutaisi sun ji, masu aure sun ji, masu makoki sun ji. Ni kuma kowace Lahadi a waya abin da nake ji shi ne famfo yana yoyo."

"Ai yana yoyon."

"Murman, ga ni. Faɗa mini yanzu."

Hannunsa na dama ya ɗago da kansa, ya tarar ba kofi, ya rasa inda zai sa shi, ya cusa a aljihu.

"Ai kin riga kin ji."

"Na ji ana gaya wa Guram."

Ya dubi ƙasa, ya dubi ganye, ya tsinki wani ya murje.

"Ba na iyawa in kina kallona."

Sai na juya masa baya. Mace mai shekara hamsin da takwas, na tsaya a gonar mutane ina kallon duwatsu kamar yarinyar da aka sa wa horo, ina jiran mijina ya yi magana. Da muryar ta fito ba ta teburi ba ce, wata ce ƙarama da ban sani ba.

"Waccan da nake yi wa magana in ba kya nan, na san ta, Tsiuri. Na san abin da za ta ce tun kafin ta ce. Ke kuwa kin dawo kina shan gahawa ba sukari. Kina Girkanci cikin barci. Da asuba kina tsayawa a kaina ki duba ko ina numfashi. Nauyinki nake ji. In na zauna da ke ban san ta inda zan fara ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Ni ma wanda nake ba labari a raina ina wanke Fotini baƙin gashi ne da shi, ba ya cire haƙora ya sa a kofi. Da na so, da na ce masa haka. Da na ce masa kalma ɗaya ce kawai nake jira, ga ta, maimaita. Ina da nawa laifin, na sani, taurin kai a gidanmu na gado shi. Amma kalmar da na sa masa a baki da hannuna, me zan yi da ita? Abin da na iya cewa shi ne, "Jirgina jibi ne."

Na ba shi lokaci. Na ƙirga layukan inabi har goma sha ɗaya.

"Na sani," ya ce. "Sai mu tashi da wuri gobe. Hanyar Gombori ba ta da kyau."

Daga rumfa aka fara kira, "Tamada! Ina tamada?" Na juyo na ga kansa ya riga ya karkata can.

"Je ka, suna jira."

Ranar Lahadi muka koma gida da jarka biyu na giyar Guram a bayan mota. Eka ta kira ta tambayi yadda tafiyar ta kasance, na ce mata abinci ya yi daɗi, ubanta ya yi suna. Da daddare ban rufe akwatina ba, na bar shi a buɗe a tsakar ɗaki inda sai ya tsallake shi kafin ya kai gado. Ya tsallake. Da safe na tarar ya sa mini cuku da busassun 'ya'yan itace a ciki, ya naɗe su da kyau don kada su ɓata mini kaya.

Shi ya ja akwatin har cikin filin jirgi. A layi akwai mata irina da yawa, kowace da mai rakiyarta. Ya sumbace ni a kumatu biyu, ya ce in kira in na sauka, ya ce in gaida tsohuwa. Na tsaya a gabansa fiye da yadda ya kamata, har matar da ke bayana ta ce, "'Yar'uwa, tafiya za ki yi ko tsayawa?" Na dube shi. Ya gyara mini wuyan riga.

Na wuce. Aka duba fasfo, aka buga hatimi. Kafin in sha kwana na waiwaya ta cikin gilashi. Yana nan inda na bar shi, tsakanina da shi bai fi taku ashirin ba. Kafaɗunsa sun sauka, fuskarsa ta saki, idonsa yana kan ƙofar da na shige. Bakinsa yana motsi a hankali, ba tsayawa. Ya fara yi mini magana.